Shaidar Bayan Kwano

A gidanmu na Makarfi, idan aka gama suna ko biki, washegari akwai wani ƙaramin taro da ba a gayyatar kowa, amma kowa yana zuwa. Ana kife kwanonin aro gaba ɗaya a tsakar gida, kowace mace ta zo ta tsinci nata. Ba a rubuta suna a jiki. Kowane ɗaki yana da shaidarsa a bayan kwano, wadda aka yi da fenti ko jan farce: wata ɗigo-ɗigo, wata layi biyu a gicciye, wata kuma wani abu mai kama da sawun kaza. Ina ƙarama nakan tsuguna a gefe ina kallonsu a kife a rana, ina ganin kamar garke ne ya kwanta, kowace dabba da tambarin mai ita.

Shaidar Kaka, mahaifiyar babanmu, lanƙwasasshen layi ne guda da shuɗin fenti, mai kauri a farko, yana sirancewa har ya ƙare kamar zare. Matsalar kawai ita ce, akwai wata mai irinta sak. Maƙwabciyarmu ce ta bayan katanga, tsohuwa Kirista 'yar asalin Gubuchi, wadda duk unguwa ke kira Iya. Tun kafin a haife ni kwanoninsu ke cakuɗewa. Kaka ta ce Iya ce ta kwaikwaye ta, Iya ta ce ita ta gaji tata. Ba su taɓa rabuwa a kan maganar ba, ba su kuma taɓa gama ta ba. Da Sallah tuwo ya tsallaka katanga, da Kirsimeti shinkafa ta tsallako, kuma duk kwanon da ya je, mai yiwuwa ɗan'uwansa ne ya dawo.

Yayata tana karatun zane-zane a jami'a a Zariya. A shekararta ta ƙarshe ta dawo hutu a bushe, ba ta ko tsokanata. Sai da muka zauna shan rake a bakin rijiya ta gaya mini abin da ya faru. Ta yi watanni tana zana 'yan mata masu tallar nono da ƙwarya a ka, zane mai kyau, har kana jin kamar ka miƙa hannu ka taya. Malamin da ke duba aikinta ya kalla ya ce hannunta ya iya, amma ya ga irin waɗannan a kalandar kowane banki. Ya tambaye ta, “Ke ina kike a ciki?” Ya ba ta zuwa ƙarshen hutu ta kawo wani aikin. In bai karɓu ba, za ta maimaita shekara, abokan karatunta su tafi bautar ƙasa su bar ta.

Ni a lokacin na gama sakandare, ina jiran sakamako, ba ni da aikin da ya wuce kallon gajimare da rubuta 'yan baitoci. A tunanina mai zane shi ne wanda zai zana doki ya fito kamar doki. Yaya ta buɗe waya ta nuna mini abin da 'yan ajinsu ke yi. Wani ya ƙera aljanar da kakarsa ke ba shi labari da tsofaffin sarƙoƙin keke, doguwa, ba fuska. Wata ta buga hoton kakanta soja a jikin atamfa, ta yanka ta ɗinke a karkace, har fuskar ta rabu gida-gida. Wani kuma bai zana kowa ba, sai tsagar fuskar danginsa kawai a kan baƙin allo. Na ce mata wannan na ƙarshen ya ba ni tsoro. Ta ce shi ma abin da ya ji ke nan, shi ya sa ya zana.

Ana haka aka yi suna a maƙwabta. Washegari muna wucewa, Yaya ta tsaya cak a kan kwanonin da aka kife. Ta ɗauki wata tsohuwar tukunyar dalma tana jujjuyawa. Baƙin hayaƙi ya yi mata kauri, kuma a bayanta ana ganin shaida kan shaida: wata ja da ta kusa gogewa, wata kore a kanta, wata fara a gefe. Uwa ta sa tata, ta ba 'yarta, 'yar ta tafi gidan miji ta ƙara tata.

“Kin ga littafi,” in ji ta. “Ba wanda ya zauna ya rubuta shi.”

Daga nan ta samu aikinta. Za ta ari tsofaffin kwanoni da tukwane daga dangi da maƙwabta, ta jera su a bango a kife, bayansu na kallon jama'a, da baƙinsu da lotsewarsu da tsohon fentinsu. Kaka da ta ji ta ce madalla, gara kwano, ai ba mai rai ba ne, mala'iku ba za su guji ɗakin ba.

Muka shiga yawon aro. Lokacin yankan rake ne, duk hanyar Kudan ƙamshin ruwan rake ake ji yana tafasa a wuraren dafa mazarƙwaila, ƙudan zuma na bin mashin ɗinmu. Muka je wajen dangin Inna mahaifiyarmu a Kudan, muka je Saulawa wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, muka leƙa Furana inda wata 'yar ɗakin Kaka ke aure. Ko'ina sai mun durƙusa mun gaida kowa, an tambayi gida da gajiya da masu jiki, an kawo ruwa, an kawo fura, an sake gaisawa, sannan Yaya ta kawo maganar kwano. Ba wadda ta hana. Da suka ji Zariya za a kai, manyan malamai su gani, sai ka ga an gyara zama. Aka yi alkawari duk za su kawo da kansu ranar kasuwar Makarfi.

A kowane gida Yaya sai ta maimaita, “Don Allah kada ku wanke. Yadda suke ɗin nan nake so.”

“To, to,” in ji Gwaggo. “Allah ya yi miki albarka. Yarinya mai hankali.”

Mun ɗauka an gane. Ashe su abin da suka ji shi ne irin maganar da baƙo ke yi, kada a wahala, kada a ɗora tukunya, na ƙoshi. Kowa ya san amsarta ita ce a tashi a ɗora.

Ranar kasuwa da hantsi suka fara isowa, wasu a keke, wasu a mashin, kowace da ƙunshi a tsohon zane. Gwaggo ce ta fara kwance nata a tsakar gida. Sai da na kare idona. Tukunyar dalma ce da na sani tun ina yarinya baƙa ƙirin, yau ga ta tana walƙiya kamar yanzu aka sauke ta daga shago. An bi ta da toka, an bi da yashi, an gama da soson ƙarfe. Ba baƙi, ba shaida. Na Kudan haka, na Furana haka. Kafin a jima tsakar gidanmu ta cika da haske, rana na faɗowa a kan kwanoni tana tsalle zuwa bango.

Yaya ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ajiye, ta ɗauki wani.

“Gwaggo, ai na ce kada a wanke.”

“Kin ce, 'yata, kin kyauta. Amma kwano ya fita daga ɗakina zuwa Zariya da baƙi? A ce daga Saulawa yake? Kwana na yi ina fama, duba hannuna.”

“Shaidar fa?”

“Wannan tsohon fentin? Duk ya ɓare, ya yi muni. Ai wajen mai fenti muka zo. Ke da kika yi shekaru kina koyo, sai ki sa mana sabuwa mai kyau. Ni fure nake so.”

Wata daga Kudan ta ce ita ma fure, amma nata ja.

Yaya ta juya wajen Kaka, wadda ke zaune a kan tabarma da carbi. Ita kam a gida take, ta ji bayanin tun daga farko. Kaka ta kawar da kai tana kallon kaji. A gefenta ga tasarta ta aure da kwanonin silba, suna ƙyalli fiye da na kowa.

“Har ke, Kaka?”

“Na ji waccan ta bayan katanga tana ta ƙarar soso tun jiya. Sai in zauna nawa su je su ji kunya a gaban nata?”

Yaya ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta shiga ɗakinmu ta saki labule. Na bi ta na tarar tana zaune a bakin gado, ta zuba wa bango ido. Hutu ya kusa ƙarewa, an riga an yi magana da mai akori-kurar da zai kai kayan. Ta ce, a hankali, abin da take son nunawa yanzu yana cikin kwata, ya bi ruwan wanke-wanke. Na zauna kusa da ita ina wasa da gefen mayafina.

A waje kuwa wata damuwar ce ta taso. Kasuwa na ci, kowa na son tafiya, ga kwanoni sun haɗu wuri guda ba shaida, kuma mai sa shaidar ta shige ɗaki. Ba macen da za ta bar kwanonta ya tafi wani gari haka tsirara. Muna ji Gwaggo ta leƙo ta ce in miƙo mata gwangwanayen fentin nan. Na kalli Yaya, ta ɗaga kafaɗa. Na kwasa na kai, har da burusanta masu laushi. Gwaggo ta shafa ɗaya a bayan hannu ta ce wannan ai na kwalliya ne. Ta aika aka tsinto gashin kaza, wasu suka karyi tsinken tsintsiya.

Fure dai ba wadda ta iya, sai kowace ta koma ga abin da hannunta ya sani. Suna yi suna surutu. Ta Furana ta ce layukan nan nata tsagar fuskar mahaifiyarta ce, da ta rasu aka rasa hotonta, sai ta mayar da su bayan kwano. Wata ta ce ɗigonta na 'ya'ya ne, duk haihuwa ta ƙara ɗaya, har waɗanda ba su zauna ba. Ta tsaya da tsinke a hannu, sannan ta ɗiga su duka. Gwaggo ta ce ita nata sawun kaza ne don da kuɗin kaji ta yi kayan ɗakinta, wata ta ce ƙarya ne, hannunta ne ke rawa tun tana budurwa. Aka yi dariya har fenti ya zube.

Ban ga lokacin da Yaya ta fito ba. Na dai waiga na gan ta tsugune a bakin ƙofa, ta kunna abin ɗaukar murya a waya. Ta ɗaga wayar ta ce, “Iyayena, ina ɗauka fa.” Gwaggo ta ce ta ɗauka mana, amma ta goge wajen rawar hannu.

Sai ga Iya ta shigo da sallama, da nata ƙunshin a ka. Aka gaisa, ta zauna kusa da Kaka, ta kwance. Duk biyun suka miƙa hannu ga gwangwanin shuɗi a lokaci ɗaya.

“Hajiya, sakar mini, na riga ki.”

“A gidana? Ke dai kullum a bayana kike.”

Kaka ta ja layinta, Iya ta ja nata. Aka ajiye kwanonin gefe da gefe, ko uwar da ta haife su ba za ta raba su ba. Yaya ta matso da waya ta tambayi Kaka mene ne wannan layin.

“Jinjirin wata ne. A daren da aka ga watan azumi aka haifi kakata.”

Iya ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

“Wata da wutsiya? Bari in gaya miki, jikata. Jelar damo ce. A zamanin da, an yi wani fari, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka watse. Wata mata da goyo a baya tana tafe, ta gama fid da rai, sai ga damo ya gifta, cikinsa da laima. Ta bi sawun jelarsa a ƙasa har ya kai ta gindin wani dutse mai ruwa. A nan ta zauna. Mu jikokinta ba ma cin damo, ba ma kashe shi. Kakata da kakar wannan da ke hararata, ɗaki ɗaya suka fito.”

“Tatsuniya da rana tsaka,” in ji Kaka.

“To ki ci damo mu gani.”

“Ba na son ƙarninsa ne.”

“Kin taɓa ɗanɗanawa?”

Kaka ta ce wa Iya ta bar tone-tone, ta riƙa jin tsoron Allah, ta kuma miƙo murfin gwangwanin kafin fenti ya bushe. Ni kuwa sai na tuna wata rana da damina, damo ya shigo bayan rumbunmu, samarin gida suka taso da sanduna. Kaka ta fito ba ko ɗankwali ta tsaya a gabansu har ya sulale ta magudana. Ta ce mana tausayi ne kawai. Ban faɗi wannan a wurin ba. Na ga dai Kaka ta daɗe tana kallon kwanonin biyu, bakinta na motsi kamar mai lissafin dangi.

Da la'asar mata suka watse kasuwa a makare, suna mita an cinye musu rana. Aka bar kwanoni a kife suna bushewa. Yaya ta sunkuya a kan tasar Kaka don ta duba ko fentin ya kama, sai ta tsaya a haka. Ta kira ni ta ce in leƙa. Na ga fuskata a ciki, a ɗan lanƙwashe, goshi ya yi faɗi, shuɗin layin ya ratsa kumatuna kamar tsaga.

“Da baƙin yana nan, da ba ki ga kanki ba,” in ji ta. Ba ta yi murmushi ba tukuna. Ta ce ba ta sani ba ko malamin zai karɓa, domin ba wannan ta gaya masa za ta kawo ba.

Na bi ta Zariya ranar baje kolin. Babban ɗaki ne mai farin bango. Aljanar sarƙoƙin keke tana tsaye a tsakiya, ta fi yadda na gani a waya tsawo, na zagaye ta nesa-nesa. Kwanoninmu suna bangon ƙarshe, an rataye su daidai tsayin fuskar mutum. Yaya ta ɓoye 'yar ƙaramar sifika a cikin wata langa, muryoyin matan gidanmu na fita daga ciki, da dariyarsu da kukan kaji. Na ji wani iri da na ji Gwaggo tana musun rawar hannu a gaban mutane masu takalma sau-ciki. Amma mutanen ba dariyar raini suke ba. Sukan matso, su leƙa, su ga fuskarsu da shaidar wata mata a kai. Wata ɗaliba ta ce wa ƙawarta, ta mamanta jan farce ne, ɗigo a tsakiya, ta ciro waya ta fita tana kira.

Malamin ya zo da wani baƙon malami mai furfura da aka gayyato don ya duba ayyukan. Yaya ta tsaya a gefen kwanonin. Malaminta ya ce ba wannan suka yi magana ba, ina baƙin, ina tsohon fentin? Ta ba shi labarin yadda aka yi, ba ta rage komai ba, har da soson ƙarfe. Baƙon kuwa ya matsa gaba. Yana gaban kwanoni biyu masu shuɗin layi, ya karkata kai yana sauraron Kaka da Iya har suka kai wajen ƙarni. Ya jira muryar ta zagayo ya sake ji. Sannan ya tambayi Yaya wanne ne gaskiya, wata ko damo.

“Ranka ya daɗe, masu abin ma ba su gama ba.”

“Ke fa, wace shaida ce taki?”

Yaya ta kalli kwanonin biyu. Ta ce ba ta da kwano tukuna, amma in ta samu, shuɗin layin za ta ja. In an tambaye ta, za ta ba da labarin duka biyun.

Ya gyaɗa kai, suka wuce wajen mai atamfa. Sai bayan kwanaki aka kafe sakamako. Yaya ta kira ni a waya ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ta ce in gaya wa Baba ya fara neman mata akwatin bautar ƙasa. Na gaya wa Kaka, ta ce ai dama ta sani, kwano mai tsabta ba ya kunyata mai shi.

Saura mayarwa. A wajenmu ba a mayar da kwano haka nan ba komai, ko na gishiri ne aka ara. Yaya ta sayo mazarƙwaila sabuwar saukewa, muka sa a kowane kwano, muka sake bin hanyar Kudan da Saulawa da Furana. Gwaggo ta karɓi tukunyarta ta jujjuya, ta tambaya ko malaman sun yaba da wankin. Yaya ta ce sun yaba ƙwarai. Gwaggo ta ce to, furen dai tana nan tana jira.

Na Kaka da na Iya muka bari ƙarshe, don ba mu san wanne ne na wa ba. Muka ajiye su a gabansu. Kaka ta zaɓi nata da ƙarfin hali, ta ce in kawo mata sauran shuɗin fentin da tsinke. Ta ɗiga ɗan ɗigo guda kusa da kan layin, wajen mai kaurin, ta ce ga tauraro nan, daga yau an huta da rikici.

Iya ta karɓa ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

“Sannu, Hajiya,” in ji ta. “Da ma ido ne kaɗai ya rage wa damon.”

Ta miƙo hannu in ba ta tsinken, ita ma ta ɗiga a nata.